Dami Uku Masu Jan Ƙyalle

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata da hantsi ina tsaye gaban allo, alli a hannuna, na hango Ɗan-Ladi direba a bakin taga yana murza hularsa. Shi ke jigila tsakanin Konni da Badagishiri, shi ne kuma ke kawo mini saƙon gida, yau ƙullin kuka, gobe albasa. Ran nan babu komai a hannunsa sai hular. Da na fito ya sunkuyar da kai, ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, ya ce, "Mushe, sai haƙuri. Tsoho ya cika da asuba." Na tambaye shi ko zan iske jana'iza. Ya ce lokacin da ya taso an riga an gama wanka. Haka kuwa aka yi, ban iske mahaifina Malam Sa'idu ba sai tudun ƙasa ɗanya da ƙaya a kai. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke shi, kuma shi da bakinsa ya hana a aiko mini, wai kada a tada ni daga aikin mutane.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. Na gaji, gajiyar da barci ba ya warware ta. Na gaji da zaman tabarma, na gaji da amsa gaisuwa, na gaji da zafin ƙarshen bazara da hadarin da ke haɗuwa kullum a gabas ya watse. Amma akwai abin da na yi a cikin kwanakin nan wanda in ban faɗe shi ba, duk yabon da zan yi wa Baba rabin gaskiya ne.

Baba manomi ne, ba shi da wata sana'a. Bai yi kuɗi ba, bai je Makka ba, bai taɓa riƙe sarauta ba. Abin da aka san shi da shi a ƙauyenmu da sauran ƙauyukan kwarinmu shi ne irin hatsinsa, wanda ya gada wurin kakanmu. Hatsi ne mai doguwar zangarniya da gargasa, tsuntsu ba ya son sa, kuma yana nuna da wuri ko da ruwa ya ɗauke. Mutane suna ce masa "ɗan Sa'idu", kamar shi ma haihuwarsa aka yi a gidanmu. Kafin a fara girbi, Baba yakan yi kwana bakwai yana bin gona layi layi da 'yar wuƙarsa. Ya kama zangarniya, ya shafa, ya murza, ya wuce goma kafin ya yanki ɗaya. Abin da ya zaɓa yakan ɗaure shi dabam da ƙyalle, ya rataye a rufin madafar Inna, inda hayaƙi zai hana ƙwari taɓa shi har shuka ta zo.

Ni ina da shekara bakwai aka rubuta ni lakwal, wato makarantar boko. Baba ne ya kai ni Illela a kan jaki, ya sauke ni, ya gyara mini wuyan riga, ya ce, "Tahi ka koyo nasu, amma ka riƙa tuna ƙohwar gida." Daga nan kaka ba ta sake iske ni a gida ba, kullum ina aji. Irin da na sani shi ne wanda nake gani in na zo hutu, baƙi ƙirin da hayaƙi, yana reto a saman kan Inna.

Shekarar babban fari na zo hutu na tarar da rumbu wayam. Inna tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji, kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita a ci. Ƙanwata Hajo tana ƙarama, kukanta har ya daina fita. Wata rana da yamma na ji Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa Baba murya ba, ta nuna rufin madafa ta ce, "Malam, hatsi na bisa kanmu, ɗiya na mutuwa ƙasa. Wanga wane irin haƙuri ne?" Baba ya ce, "Wanda ya ci irinai ya ci baɗi tun bana." Washegari ya kora jakinsa, wanda ya kai ni lakwal, zuwa kasuwar Badagishiri, ya dawo a ƙasa da garin rogo a ka. Ban manta yadda ya zauna ya miƙe ƙafafunsa da suka kumbura ba, ya ce a fara ba Hajo.

Da ruwa ya dawo, rabin gari sun cinye irinsu. Sai ga Baba ya sauko da damman da ya hana 'ya'yansa, ya sa aka sussuke, ya zauna a ƙofar gida yana zuba wa kowa a ƙoƙo, bai karɓi komai ba. Mu kanmu rabin gandu muka shuka a shekarar. Inna ta yi fushi, ni ma na yi, har na ce masa da girman kai na ɗan lakwal cewa wannan ba lissafi ba ne. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Iri ba ya son kwana gida guda." Daga shekarar nan bai daina ba. Duk wanda ya yaba hatsinsa, ko baƙo ne mai wucewa, sai ya koma da ƙulli. Ni dai na ɗauka taushin zuciya ne irin na tsofaffi.

Bara waccan, da na ga na ɗan samu, na sa aka rushe madafar Inna ta ciyawa aka gina ta ƙasa da rufin kwano, har da bututun fitar da hayaƙi. Na yi alfahari da aikin nan ƙwarai. Baba ya zagaya ya duba, ya ɗaga kai ya kalli kwanon, ya ce Allah ya yi albarka. Bai ce mini na raba shi da wurin rataye irinsa ba. Ni kuma ban tambaya ba, domin abin bai ko zo mini a rai ba.

To, ranar jajibirin sadakar uku, Inna tana ɗaki cikin takaba, ƙanena Haruna, wanda shi ke noma tare da Baba, yana can cin rani bai dawo ba. Komai na gidan ni ake tambaya. Dangin matata da suka zo daga Konni su suka karɓi aikin daka, suka ce in fito da hatsin gumbar sadaka. Na shiga ɗakin Baba neman tsani in hau rumbu, sai na ga dami uku a kan wani ɗan katako, an lulluɓe da tabarma. Zangarniya ce zabga-zabga, fara tas, kowane dami da jan ƙyalle a ɗaure. Na ce a raina, mutumin da ya yi rayuwarsa yana ba wasu mai kyau, ai sadakarsa ta cancanci mafi kyau. Na ɗauko da hannuna na miƙa musu. Su matan birni ne, ba su san komai ba. Suka sussuke, suka surfa, suka daka, har suna yaba farin hatsin. Da safe aka raba gumba, jama'a suka ci suka yi addu'a.

Da la'asar na shiga gaida Inna, ƙyallen guda yana hannuna, na tsince shi a tsakar gida ina wasa da shi ban ma sani ba. Ta dube shi. Ta ce, "Ina ka samo wanga?" Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta karɓi ƙyallen ta shimfiɗa a cinyarta tana gyara shi da yatsa, ta ce, "Tsohon zanena ne. Kowace shekara shi yaga kaɗan." Can ta ƙara da cewa, "Ranar da Hajo ka kuka bai taɓa irin ga ba." Wallahi ban taɓa sanin ƙyallen nan ja ne ba. Shekara talatin ina ganinsa, hayaƙi ya mayar da shi baƙi.

Na fita na zauna bayan rumbu. Abin da yunwa ba ta ci ba, ni na ciyar da shi cikin yini guda, ina ganin gwaninta na yi. Hatsin da ke rumbu na ci ne, ragowar da Baba ya wuce bai zaɓa ba, gauraye da wanda aka auno a kasuwa. Ruwa na iya sauka kowace rana, Haruna na hanya, zai zo ya tambayi irin da zai shuka. Kwana huɗu na yi ina amsa gaisuwa da baki, zuciyata tana wurin amsar da zan ba shi.

Ban gaya wa kowa ba, amma magana ba ta ɓuya a ƙauye. Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha, na ga mutane ba su tashi ba. Malam Barmo, abokin Baba tun suna kiwon awaki, ya jawo wani ɗan gora daga ƙarƙashin rigarsa, ya cire toshiyar, ya ce in kawo ƙwarya. Ya zazzage. Hatsi ne gauraye da toka, yadda wasu ke ajiye iri. Na fara yi masa godiya, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Bari, ɗana. Ba kyauta na kawo ba, ajiya ce. Ubanka ya ce in riƙe mishi, ko wata rana gidanai ya rasa. Shekara goma sha ina jira." Ya ƙara da cewa, "Ya sha iskar gonata, ba zai rasa gauraye ba. Amma ɗan Sa'idu ne."

Bayansa wani ya taso da ƙoƙo, wani da ƙulli a bakin rawani, wata tsohuwa ta aiko da zangarniya biyar daga cikin gida. Kowa daga irin da zai shuka ya ɗebo, ga damina a bakin ƙofa. Washegari Ɗan-Ladi ya tsaya da mota ya miƙo mini ƙulli daga wani mutum na wajen Malbaza wanda ban taɓa jin sunansa ba. Duka bai kai abin da na ɓatar ba, rabin gandu zai shuka, kamar shekarar da na ce wa Baba bai iya lissafi ba. Na riƙe ƙwaryar nan na yi kukan da ban yi a bakin kabari ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sa'idu, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Duk cikin da ya ƙoshi daga abin da hannunsa ya zaɓa, ka sa a mizaninsa. Gumbar da aka ci ranar ukunsa, ka karɓa masa ita sadaka, ni kuma ka yafe mini gangancina. Ka ba Inna haƙuri da lafiya, ka rufa wa Hajo asiri a ɗakinta, ka kawo Haruna gida lafiya, ka sanyaya zuciyarsa idan na gaya masa, domin ni zan gaya masa da bakina. Ka saka wa Malam Barmo da duk wanda ya rage nasa ya kawo mana. Ka saukar mana da ruwa mai albarka, ka nuna mana kaka. Na riga na nemi izinin kwana bakwai a lakwal don lokacin, Malam Barmo ya ce zai bi layi da ni ya nuna mini zangarniyar da ake yanka da wadda ake wucewa. Wuƙar Baba tana wurina, Inna kuma ta wanke jan ƙyallen nan uku ta ajiye. Allah ka kai mu, ka sa mu samu abin ɗaurewa. Amin.