Taken Baba a Gangar Noma

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, na je ƙauyenmu can wajen Guci na ɗauko shi da Inna, na kawo su gidana a Magarya, don nan ne kusa da likita. Hannun dama ya mutu, ƙafa ta mutu, magana ta ɗauke. Wannan duk mun karɓa, ikon Allah ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da ya daina cin abinci. A kawo fura ya kau da kai, a dama kunu ya datse haƙora. Likita ya ce maƙogwaronsa lafiya lau, zuciya ce ta ƙi, kuma in aka tafi a haka ba zai ga damina ba.

Abu ɗaya yake yi yini guda. Yatsunsa na hagu suna bugun tabarma, bugu iri ɗaya, ya tsaya, ya sake. Ni na ɗauka rawar jijiya ce, har na faɗa wa Inna haka. Ta harare ni ta ce, "Kai dai ƙarar keken ɗinki ta cinye maka kunne. Takensa ne yake kaɗawa."

A garinmu duk manomin da ya isa yana da takensa, wato kiɗan da mai gangar noma ya ware masa shi kaɗai. Ranar gayya, in an taru a gonar wani, makaɗi yana bin bayan manoma yana kiran kowa da ganga. Wanda aka kaɗa nasa sai ya ɗaga hauya sama, ya yi ihu ya amsa, sannan ya duƙa kan aiki kamar ba gobe. Baba yana cikin waɗanda in sun amsa, har ƙauyen gaba ana ji. Na ce wa Inna in dai kiɗa ne an gama, a bar ni da shi.

Na faɗi haka ne da gadara, don ni tela ne a bakin tasha, kuma babu makaɗin Magarya da ban auna wuyansa ba. Ga shi lokacin kaka ne, gero ya shiga rumbu, kowace unguwa da bikinta. A mahauta ana kalangu. A unguwar maƙera dundufa tana tashi in suna da suna ko aure. Ƴan mandiri suna zikiri da la'asar a ƙofar malaminsu. Tsofaffin mata suna kiɗan ƙwarya a cikin gidajen amare, mai gurmi yana yawo rumfa rumfa ranar kasuwa, Fulani suna busa sarewa a kasuwar dabbobi. Ga kuma yaran zamani da fiyano da sono, wato manyan lasifikoki, masu toshe hanya da kujeru su hana mutum ya ji kiran sallah, da samarin fada, majalisar bakin titi, da ke waƙar saurin baki kan tukunyar shayi. Gari ya cika da kiɗa maƙil, amma gangar noma ko ɗaya ban gani ba.

Na fara da mai kalangu. Ya saurare ni ya girgiza kai ya ce, "Maigida, kalangu na mahauta ne. In na kaɗa taken manomi da shi, ai zagin mahaifinka na yi." Mai dundufa ma haka ya ce. Wani yaro mai fiyano kuwa ya ce in buga masa a tebur, shi zai saka a na'ura. Na buga yadda na ji a tabarma, ya haɗa, ya zuba mini a waya. Na kai wa Baba ina murna, na kunna kusa da kunnensa. Ya saurara kaɗan, sannan ya juya fuskarsa ga bango, yatsun ma suka daina motsi. Wallahi ranar na ji kamar in jefa wayar nan a rijiya.

Wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya ce ta ce mini makaɗin da ya yi wa Baba taken yana raye, yana Mallawa wurin ƴarsa. "Sai dai an ce ya tuba, ya rataye ganga," in ji ta. Na hau motar kasuwa da safe, an matse mu da buhunan wake, na isa jikina duk ya yi tsami.

Na same shi a gindin bishiyar bedi yana tufkar igiya, ya tsufa tukuf. Da na faɗi ko ɗan wane ne ni, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na ce, "Kawu, na san an ce ka tuba, amma rai nake roƙo."

Ya ce, "Wa ya ce na tuba? Sata na yi? Masu amsawa ne suka ƙare, ɗana. Ba a kaɗa taken da babu mai amsa shi. In mutum ya mutu, takensa ya bi shi. Nawa duk sun tafi, sai mahaifinka, shi ma aka ce bakinsa ya rufe." Sannan ya ƙara da cewa, "In na kaɗa bai amsa ba, na shaida wa duniya ya mutu alhali yana numfashi, kuma shi zai fi kowa gane haka. Ka yarda a yi masa wannan?"

Ban taɓa dubawa ta nan ba. Na ce masa mutumin da ya ƙi abinci ai ya riga ya kama hanya, a gwada. Ya sa ƴarsa ta sauko da gangar daga rataye, ya shanya ta a rana fatar ta ɗame, washegari muka taho tare.

Da hantsi muka fito da Baba tsakar gida, muka jingina shi da bango. Tsohon ya rataya ganga, ya ɗauki gula. Da ya fara, na gane abin da na kai wa mai fiyano ko kusa bai yi ba. Ya kaɗa har ƙarshe ya tsaya, yana jiran amsa. Baba ya zuba masa ido, bakinsa yana motsi, babu abin da ya fito. Tsohon ya sunkuyar da kai.

Sai Inna ta ce, "Da me zai amsa, hannu wofi?" Ta ce in kawo hauya. Gidan tela ne, almakashi ya fi biyar amma hauya babu, sai Inna ta shiga maƙwabta ta aro. Ta ɗora ƙotar a tafin hannunsa na hagu, ta naɗe yatsunsa a kai, ta ce da tsohon, "Malam, sake."

Ya sake. Yatsun Baba suka damƙe ƙotar. Hauyar ta tashi daga tabarma, ba ta wuce gwiwarsa ba, tana karkarwa, kuma wata ƙara ta fito daga maƙogwaronsa, a shaƙe, ba kalma ba ce, amma amsa ce. Tsohon ya ci gaba da kiɗa hawaye na bin gemunsa, ni ma na yi kuka ban ɓoye ba. Inna ba ta yi ba, ta tashi ta dama fura, kuma Baba ya sha daga hannunta.

Ya ga damina, ya rasu gero yana fitar da kai. Tsohon ya zo gaisuwa ba ganga, ya ce ya kwance fatarta. Har yau bikin gari ba ya yankewa, ina ɗinka musu anko suna ta kiɗe-kiɗensu. Wani lokaci ina taka keke sai in ji ƙafata ta kama bugun Baba da kanta. In na farga sai in ɗage ta, don babu mai amsawa.