Bindigar Ƙarƙashin Kujera

A rumfar Ɗantani maƙeri, bakin Kasuwar Kurmi, wani baƙo yana tsugune yana jujjuya bindigogi kamar mai tayin rake. Ƙato ne, baƙin mai ya zauna a faratansa, makullin mota yana lilo a wuyansa. Ɗantani yana ganinsa ya raya a ransa, wannan direba ne mai jigilar gyaɗa, kuma tsoron mafasa ne ya kawo shi.

Baƙon bai taɓa kunamar bindiga ba, bai leƙa bakinta ba. Igiya yake awo da ita, yana neman mai araha wadda za ta shige ƙarƙashin kujerar mota. Awon ya faɗa kan wata tsohuwar harba-ka-ruga.

Ɗantani ya ɗaga masa hannunsa mai yatsu uku. "Malam, irinta ce ta yi mini wannan. In albarushi ya yi mata yawa, mai ita take ci."

Baƙon ya dubi dungulmin, ya yi murmushi.

"Baba, ni hannuna na sitiyari ne. Ƙanena ne zai riƙa harbawa." Ya saɓa ta a kafaɗa. "Yatsu goma gare shi cif, ba abin da yake yi da su sai cin tuwona."