Wasiƙu Uku zuwa Abokan Farautarmu

A shekarar da na gama sakandare a Kafanchan, rigimar dagaci ta raba ƙauyen da ke ƙetaren rafinmu gida biyu. Yayata tana aure a can, ga ta da tsohon ciki. Ina gidanta ranar da aka cinna wa rumbun cittarsu wuta. Mijinta ya gudo ƙauyenmu, ni ma na faɗa rafi ba takalmi. Ita ba ta iya gudu ba.

Baba ya ce za mu ƙetara da baka da kibiya mu mayar da surukinsa gidansa. Akwai ƙauyuka uku da muke farauta tare tun kakanni, in aka busa ƙaho sai sun zo. Da yake ni ce mai boko, ni ya zaunar na rubuta musu. Sau biyu ina sake takarda. Na ji da kunnena an ce duk ranar da mutanenmu suka ƙetaro, da Yaya za a fara. Na faɗa wa Baba, ya ce, "Ke dai rubuta."

Ranar Lahadi bayan sujada a coci na karanta amsoshin a gindin mangwaro. Na farko suka ce 'ya'yansu mata na aure a ɓangarorin biyu, wa za su harba? Na biyu suka ce ƙahon na farauta ne, kuma a kasuwa ɗaya za a ci gaba da haɗuwa.

Na uku ba su rubuta ba. Dattijonsu ne ya zo a keke, tsohon soja ne, hannunsa ɗaya.

"Aboki, shiga ba wuya," in ji shi. "In mun zaunar da surukinka mun juyo, wa zai kwana yana gadinsa? Kai?"

"Tsoro kake ji," in ji Baba.

"Ƙwarai. Da na ji shi da wuri, da yau da hannu biyu na gaishe ka."

Babu wanda ya yi dariya. Sai ya ce matan ƙauyensu za su ƙetara, ba ko sanda, su ce sun zo ɗaukar mai ciki ta haihu a gida. Baba bai busa ƙahon ba.

Ranar Talata suka dawo da Yaya a tsakiyarsu, ƙafafunta a kumbure. Surukin namu bai koma ba. Har yanzu in na ji ƙaurin citta sai na nemi wurin zama.