Zibrim da Duron Gwamnati

Zibrim ɗan zangon Salaga ne. Ubansa mai ɗaukar goro ne, ya rasu a hanyar Yeji, ya bar shi a hannun Malam Abdul-Kadiri, wani dattijo mai babban gida da rijiya a bayan ɗakuna. Zibrim bai yi nisa a karatu ba, amma ya tashi da ƙarfi, kuma ba shi da yawan magana. Da aka zo neman leburorin tsafta a farkon shekarun hamsin, Malam da kansa ya ce ya je. Aka ba shi gajeren wandon kaki, da ludayi mai dogon hannu, da galan na wani baƙin mai da ake tsiyayowa daga duro a bayan ofis.

Aikinsa shi ne bin bayan jami'in tsafta, wanda mutanen gari ke kira samasama saboda yawan sammacin da yake yanka musu. Su shiga gida, Zibrim ya tsoma ludayi a randa, ya ɗaga shi a hasken rana. In an ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, matar gidan ta shirya zuwa kotu. Daga nan su bi kududdufai da kwatami, Zibrim yana zuba man nan har ruwan ya yi kyalli.

Kafin damina ta fita, mutane sun canza masa fuska. In ya doso inuwar da ake hira, sai maganar ta koma kan farashin doya. Matarsa Karimatu tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ita ma ta ga maƙwabtan da suka saba aiko kwano sun koma saye a wani layi.

Wata rana tana wanke masa kaki ta ɗaga wandon ta shinshina.

"Maigida, mene ne a cikin duron nan naku?"

"Mai ne."

"Wane irin mai?"

"Ba a faɗa mini ba."

"Kai kuma ba ka tambaya ba?"

Ya tambaya washegari. Jami'in ya ce maganin sauro ne, ya ɗauki galan su tafi. A kasuwa kuwa kowa da tasa amsar. Masu goro suka ce don wannan duron aka ƙara musu lampo, wato harajin gari. Mahauta suka ce so ake a kashe rijiyoyi, kowa ya koma sayen ruwan gwamnati. Tsofaffin mata suka ce abin yana hana haihuwa. Wannan ta ƙarshe ita ta zauna wa Zibrim a rai, domin sun daɗe da aure, Karimatu ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ya fara wanke hannunsa da toka kafin ya taɓa abinci.

Salaga gari ne na tsofaffin rijiyoyi, wasu ana sha, wasu sun zama ramukan shara. Sai umarni ya zo daga Tamale cewa a cike duk wadda ke kusa da salga, gwamnati za ta kawo famfo. Rijiyar Malam Abdul-Kadiri tana ciki. Ranar da Zibrim ya shigo gidan da shebur, Malam yana zaune a kan buzu a zaure.

"Kai aka turo?"

"Ni ne, Baba. In ban cike ba, wani zai cike."

"Da wanin ya zo, da ya fi mini sauƙi. Ina famfon?"

"Sun ce yana hanya."

"Ka gan shi da idonka?"

Zibrim ya sunkuyar da kai. Malam ya janye ƙafarsa ya ba shi hanya. Zibrim ya cike rijiyar da ya sha tun yana rarrafe, matan gidan suna tsaye suna kallonsa, ba wadda ta ce masa sannu. Famfo bai zo ba a shekarar, bai zo ba a ta gaba. Jami'in ya ce kuɗin aikin an karkatar da shi kudu. Malam bai taɓa yi wa Zibrim faɗa ba, amma duk tuwon da Karimatu ta aika masa, haka yake dawowa a rufe. Da aka nemi wanda zai koma Yendi, Zibrim ne ya fara ɗaga hannu.

Sun isa Yendi ana murnar samun mulkin kai. Turawa suna tattara kayansu, 'yan ƙasa suna hawa kujerun. A can aka karɓe galan aka ba shi gatari. Aikin shi ne sare itatuwan bakin rafi, domin an ce a inuwarsu ƙudan tsando ke zama, mai kawo wa mutane ciwon barci, shanu kuma sammore. Suka kwantar da manyan maɗatai da tsamiyoyi, rafin ya zama tsirara. Bayan kwanaki Zibrim ya ga wata babbar mota ta zo tana kwashe gungumen. Ya tambayi heluma, shugaban leburorin, ina za a kai su, heluma ya ce shi ba direba ba ne.

Ana cikin wannan aikin aka kama Karimatu. Ta bi matan unguwa yin itacen girki, masu tsaron gandun daji suka tare su, suka ce gwamnati ta hana taɓa ko reshe a wajen, don kada ƙasa ta bushe. Zibrim ya je belinta da gatarin gwamnati a kafaɗa. A hanyar dawowa ta ce masa, "Ka fahimtar da ni. Kai ka kayar da bishiya sukutum a biya ka, ni na karya busasshen reshe a kama ni. Gwamnatin guda nawa ce?"

Abin da ya tsaya masa shi ne motar nan. Tun daga ranar, duk dokar da aka kawo, sai ya fara neman wanda zai ci ribarta.

A Yendi Allah Ya ba su 'ya, aka sa mata Safiatu. Zibrim ya ce to, maganar tsofaffin Salaga ta ƙaryata kanta. Karimatu ta ce ita dai abin da ta sani, cikin bai zo ba sai da ya rabu da galan.

Safiatu ta fara zuwa makarantar allo lokacin da aka mayar da su Bawku. Can aka ba shi famfon feshi na goyo, da wani farin gari mai ƙarfin wari da ake kwaɓawa da ruwa. Shi ma a duro yake zuwa, da tambarin gwamnati a jikinsa. Yana fesa bangon ɗakuna da mahauta da rumfunan kasuwar shanu. Karo na farko a rayuwarsa ya ga aikin hannunsa da idonsa: da safe mata su share sauro da kuɗin cizo a matacce, kamar an zubar da gero. Mutane suka fara tare shi a hanya suna roƙon ya biyo ta gidajensu. Wani Bamoshe mai shanu har kaza ya kawo masa. Zibrim ya yi ƙiba a shekarun nan, har dariyarsa aka ji.

Bayan soja sun karɓi mulki, duro ya fara jinkirin zuwa. Da ya zo kuma, Zibrim ya buɗe ya ji warin ya yi sanyi. Ya fesa ɗakinsa don gwaji, da safe ya ga kuɗin cizo suna yawo a kan farin bangon. Ya sami shugabansu, Masa Issahaku, ya faɗa masa.

"Ci gaba da aikinka," in ji Masa. "In suka gan ka da famfo suna share gidajensu. Wannan ma magani ne."

Zibrim ya fita, idonsa ya faɗa kan Aruna, mai riƙe da makullin sito. Aruna ya yi sabon keke a watan, kuma yana da surukai a tsallaken iyaka. Zibrim ya fara lura da shi: yaushe yake buɗe sito, da wa yake shan shayi, me ya sa yake sauke murya in direbobi sun zo. Wata safiyar kasuwa ya ga amalanken jaki ya fito ta bayan ofis da kaya a lulluɓe da buhu. Ya ajiye famfonsa ya bi shi daga nesa. A cunkoson masu shigowa da awaki amalanken ya ɓace masa, amma ya ci gaba da bin hanyar har fadamar da ake noman albasa.

A wani lambu ya ga duro mai tambarin gwamnati, an yanke bakinsa. Tun kafin ya ƙarasa, warin nan na ainihi ya daki hancinsa. A ƙasan lambun akwai tafki, kifaye sun taso sun juya farin ciki sama, mata biyu suna tsince su a ƙwarya. Ya ce su zubar, guba ce. Suka dube shi da kakinsa, ɗaya ta ce in sun zubar shi zai kwashe, suka ci gaba da tsinta.

Mai lambun, wani Babusange mai suna Hudu, ya taso yana karkaɗe hannu.

"Ina ka sami wannan?" in ji Zibrim.

"Malamin gona ya kawo. Ya ce maganin tsutsa ne, gwamnati ya ba manoma."

"Wane malamin gona? Yaya sunansa?"

"Ni ban tambayi suna ba. Kai ma ba gwamnati ba ne? Ka tambayi ɗan'uwanka."

Da ya koma gari ya wuce sito kai tsaye. Aruna ya saurare shi har ya gama, sannan ya buɗe ƙofar ya nuna masa ɗakin, ba komai sai duro ɗaya da tsintsiya.

"Amalanken da ka bi taki ya kwasa," in ji Aruna. "Ni kuma tun watan jiya kai nake zargi. Kai kake fita da garin, ba wanda ke bin ka. Wa ya san abin da kake sauke wa mutane a lungu?"

Hayaniyarsu ta fito da Masa Issahaku. Ya shigar da su ofis ya rufe ƙofa. Ya ce ba wanda ya saci komai. An yanke kuɗin lafiya daga Ankara, babban birnin ƙasar, abin da ake aiko musu ba zai ishi unguwa ɗaya ba, shi ne yake haɗa shi da farar ƙasa don ya zagaya gari. Duron lambu kuwa na ma'aikatar gona ne, su ba a yanke musu ba. Yana magana yana juya sabon agogon da ke hannunsa, Zibrim kuma agogon yake kallo.

Da damina ta sauka zazzaɓi ya kwantar da rabin zango, har da Safiatu. Ta tashi, amma 'ya'yan maƙwabta biyu ba su tashi ba, kuma Zibrim ne ya fesa ɗakinsu. Bayan an dawo daga maƙabarta ya je gaban Sarkin Zango da dattawansa, ya ce abin da yake fesawa yanzu farar ƙasa ce, kowa ya koma turara ganye da rufe randa. Ɗaya ya ce, "Tun yaushe ka sani?" Wani ya ce a hankali, yadda Zibrim zai ji, mai yiwuwa shi ya sayar da na kirkin, yanzu yana neman wanke kansa.

A makon aka sallame shi. Ya sayi jaki ya koma kai wa mahauta ruwa daga rafi. Shi da Aruna suka ci gaba da sallah a masallaci ɗaya, suna gaisawa, kowa yana duban takalmin ɗan'uwansa ko sabo ne. Har yau a Bawku akwai masu cewa Aruna ne, akwai masu cewa Masa ne, akwai masu cewa Zibrim ɗin ne. Shi kansa bai taɓa tabbatarwa ba.

Shekara ta zagayo, wata mota ta zo daga Tamale da masu lamba, wato rigakafin cutar agana, suka kafa tebur a gindin ɗorawar bakin kasuwa. Aka yi shela kowa ya kawo 'ya'yansa, kyauta ne. Karimatu ta ce, "Maigida, a kai Safiatu ko a ɓoye ta?"

Ya ce ta jira. Ya je ya tsaya gefe yana kallon yadda suke buɗe kwalabe, ya ga ma'aikacin ya yi wa ɗan wani ɗan sanda daga kwalbar da yake yi wa kowa. Sannan ya shiga layi ya naɗe hannun rigarsa. Bayan an yi masa ya zauna a inuwa yana duban wurin, yana motsa yatsunsa, har aka kira la'asar. Da ya ga sun fara naɗe kayansu, ya tashi da sauri ya je gida ya riƙo hannun Safiatu. Ita ce ta ƙarshe da aka yi wa a ranar.