Inda Ramin Garinmu Ya Bi

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da shekarar da muka haƙa rami muka kewaye garinmu. Ni magini ne, sana'ar da na gada ke nan, kuma a lokacin ina da ƙarfi ina da baki, bakin ma ya fi ƙarfin yawa. Garin namu yana ƙasar Faskari. Tsohon gari ne, cikin waɗanda suka ga yaƙe-yaƙen da, tun kafin zuwan Turawa. Mun taso mun tarar da wani dogon tudu da ya zagaye tsakiyar gari, ana ce mana ragowar ganuwa ce. Mu dai abin da muka sani shi ne ƙasarsa tana da kyau wajen tubali. Ni kaina Allah kaɗai ya san yawan ɗakunan da na gina da ita.

Sai ga wannan masifa ta 'yan bindiga. Da farko shanu suke kora, daga baya suka koma ɗaukar mutane. Ƙauyukan da ke bakin daji suka fara watsewa. Kullum sai ka ga mutane sun shigo gari da tabarmi da tukwane a ka, wasu daga wajen Yargoje, wasu daga ɓangaren Sabuwa. Dagacinmu ya ba su fili a gabas, bayan makarantar firamare, suka kafa bukkokin kara da zana, masu ɗan hali suka ɗora ɗaki ɗaya na ƙasa. Muka sa wa wurin suna unguwar baƙi.

Da abin ya matso kusa, kwamitin gari ya zauna ya yanke a haƙa rami a zagaye gari, kamar yadda muka ji wasu garuruwa sun yi. Zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, faɗinsa yadda babur ba zai tsallake ba, a bar ƙofa biyu kawai da 'yan sintiri a kai. Aikin gayya ne, kowace unguwa da nata yankin. Kuma dole a gama kafin ruwan farko, domin da zarar damina ta sauka kowa gona zai nufa. Da yake ni ne magini, aka damƙa mini igiya da turaka aka ce in fitar da layi.

Nan ne na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ja layi ya bi ta bayan makaranta, ya bar unguwar baƙi a waje. Ina da hujjoji, kuma ban ɓoye su ba. Na ɗaya, in aka haɗa da su aikin zai ƙaru sosai, ga ƙasar wajen marmara ce, diga ma tsalle take yi a kanta. Na biyu, ana ta raɗe-raɗin cewa a cikin masu gudun hijira akwai masu kai wa 'yan bindiga labari. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba, amma na riƙe maganar kamar da idona na gani.

Ranar da nake kafa turakan, akwai wata mata a unguwar da ke suyar awara a bakin hanya. An ɗauke mijinta a gona tun suna ƙauye, bai dawo ba, ta shigo gari da 'ya'ya huɗu. Ta bar kaskon ta matso tana kallon turken da na buga, sannan ta kalli bukkarta.

"Malam, don Allah, mu ta ciki muke ko ta waje?"

Na ce mata kwamiti ne ya yanke. Ƙarya nake, kwamiti bai ma ga layin ba tukuna. Ba ta roƙe ni ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "To, Allah ya ba da sa'a," ta koma ta ci gaba da juya awararta. Abin ya sosa mini rai, amma na ɗaure fuska na wuce turke na gaba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a ƙofar gidan dagaci don a amince da layin. Wani dattijo daga unguwar baƙi ya tashi ya yi magana a hankali. Ya ce ba su zo da gardama ba, in an yarda a sa su ciki, su da kansu za su haƙa nasu yankin ko da zai ɗauke su wata biyu. Kafin ya zauna na miƙe. Na ce mu ne 'yan asalin garin nan, kakanninmu ne suka tsare shi da kibiya da mashi, ba za mu kulle kanmu da mutanen da ba mu san iyayensu ba. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba. Wani Alhaji mai sayen hatsi, wanda ake jin maganarsa a gari, ya ce gaskiyata ce. Mutane da yawa suka gyaɗa kai.

A can gefe akwai tsohon wanzamin garin a zaune kan buzunsa. Ya daɗe da ajiye aska saboda hannunsa na rawa, idonsa ma ya yi rauni. Ba wanda ya gayyace shi, kuma ba wanda ya lura da shi sai da ya yi gyaran murya.

"Wa ke wanga ɗaga murya haka? Ku matso mini da shi."

Na je na durƙusa na ce, "Ni ne, Baba." Sai ya miƙo hannu ya fara shafa fuskata a gaban jama'a, kamar mai zaɓen kabewa a kasuwa. Yatsunsa suka tsaya a gefen bakina.

"'Yan baka, uku nan, uku nan," in ji shi. "Ni na yi maka su ranar sunanka. Ihun da ka yi rannan shi ne kake yi har yau."

Aka fashe da dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci, amma ba dama in tashi. Ya ce ubansa ne ya yi wa ubana tsaga, kakansa ya yi wa kakana. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa neman sanin abin da ya sa tsagar gidanmu ta bambanta da ta gidan dagaci, su da ke da bille ɗaya a kumatun hagu. Na ce ban taɓa ba. Gaskiya ce, shekara arba'in ina ɗauke da ita a fuska ban taɓa tambaya ba.

Ya ce bille ita ce tsagar waɗanda suka kafa garin. Duk mai 'yan baka kuwa, kakanninsa gudu suka yo. A zamanin mahara masu dawaki an ƙone ƙauyukansu, suka zo suka yada zango a gindin ganuwa ta yamma, a waje. Mutanen gari suka yi ta jayayya a kansu, har da masu cewa 'yan leƙen asiri ne. Daga ƙarshe suka rushe wani yanki na ganuwarsu da hannunsu, suka sake ɗora wata ta bayan baƙin.

Wani ya ce wannan ai labari ne. Baba ya ce to a tashi a je a gani da ido. Ya ƙi karɓar sandarsa, ya ce ni zan riƙe shi. Haka muka ratsa gari, yana rataye a hannuna, dagaci da kwamiti da sauran jama'a a bayanmu. Ya tsaya bayan tsohon masallaci ya sa ƙafa ya bugi tudun wurin, ya ce ga ganuwa ta fari. Muka ci gaba da tafiya yamma, muka wuce rijiyar unguwarmu, muka wuce ƙofar gidana, sai ga wani tudun. Ya ce ga ta biyu. Gidanmu na gado yana tsakanin su biyun. Na ɗebi ƙasa daga wannan, na ɗeba daga wancan, ban taɓa tsayawa na ce me ya sa suka zama biyu ba.

Sai na ga mutane suna satar kallon fuskokin juna. Wallahi kusan rabin kwamitin masu 'yan baka ne. Alhajin nan mai hatsi ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, Baba kuwa kamar ya gani.

"Alhaji, bar wahalar da rawani, na san abin da ke ƙarƙashinsa."

Dariyar da aka yi a nan ta fi ta farko, har shi Alhajin ya yi. Ni ban yi ba. Kunya ta kama ni, kuma ni mutum ne da in kunya ta kama ni sai in ƙara taurin kai. Na ce, "To Baba, in da gaske akwai mai kai labari a cikinsu fa?" Ya ce in akwai shi, a ina zan fi sa masa ido, yana cikin gari yana wucewa ta ƙofar 'yan sintiri, ko yana waje shi da daji ba shamaki? Ya ce saboda mutum ɗaya da ban ma sani ba, mata da yara nawa zan ajiye a bakin hanya?

Dagaci bai yi dogon jawabi ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, igiya a hannunka take. Me ka gani?" Na san ya yi haka ne don ya bar mini ɗan mutuncin da ya rage. Na mayar da Baba kan buzunsa, na wuce gabas. Kafin la'asar ta yi sanyi na tsige turakan nan ɗaya bayan ɗaya, na kai su can bayan bukka ta ƙarshe na sake bugawa. Da na zo wucewa ta wajen mai awara na ce mata, "Ta ciki kuke." Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta sa gefen mayafi ta share ido.

Aikin da ya biyo baya shi ne abin da nake ba jikokina labari ina ɗaga kai. Ban taɓa ganin garinmu haka ba. Malaman makaranta, mahauta, teloli, masu shaguna, duk suka fito da diga da shebur. Makiyayan da ke zaune a gari suka riƙa aiko da nono, mata suna jigilar ruwa da kunu daga safe har yamma, makaɗa suna bin layi suna zuga duk unguwar da ta fara sanyi. Yankin marmarar nan ya ba mu wuya ƙwarai. Tafin hannuna ya farfashe har na riƙa ɗaure shi da tsumma. Mutanen unguwar baƙi kuwa haƙa suke kamar ba sa jin gajiya, amma aka ƙi barin su su kaɗai. Duk unguwar da ta gama nata sai ta kwashi kayan aiki ta nufi gabas. Da idona na ga Alhaji ya tuɓe babbar riga ya shiga rami, yana haƙa yana haki yana cewa kada kowa ya gaya wa iyalinsa. Hadari ya riga ya fara haɗuwa, kullum muna aiki muna kallon sama. Muka gama, bayan kwana biyu ruwan farko ya sauka.

Ana tsakiyar damina, wata rana da hantsi, yawancin maza suna gonakin kusa da gari, sai aka ji ƙarar babura masu yawa daga gabas. Wanda ya taɓa jin wannan ƙarar ba ya bukatar a yi masa bayani. Jama'a suka rugo gida, 'yan sintiri suka tare ƙofofin biyu. Maharan suka iso bakin rami suka tsaya. Suka bi gefensa kudu, suka dawo arewa suna neman mashiga, ba su samu ba. Suka yi ta harbi sama, sannan suka juya. Ba a ɗauki kowa ba, ba a kashe kowa ba. Ba ina cewa rami ya kawo ƙarshen masifar ba ne, don bayan nan an tare mutanenmu a hanya, an ɗauki wasu a gona. Amma a wannan ranar ya tsaya mana.

Da abin ya lafa na tafi gabas in duba ko ramin ya zube a wani wuri. Sawun tayoyin yana nan ɓaro-ɓaro a cikin laka, a ɗaya gefen. Daga inda suka tsaya zuwa dangar mai awara bai fi taku goma ba. Na juya na kalli bayan makaranta, inda na fara buga turakana, sannan na kalli duk abin da ke tsakani: bukkoki, tukwane a kan murhu, awaki a turke, yara suna leƙowa daga bayan iyayensu mata. Duk wannan ni da hannuna na so in miƙa. Na zauna a kan tarin ƙasar na yi kuka, ni da ko a jana'izar mahaifina ban bari an ga hawayena ba. Matar tana tsaye da 'ya'yanta, huɗunsu cif, ta riƙe ƙaramin a kafaɗa. Ta shiga ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙo mini ta ce, "Malam, sha ruwa."

Abin da na koya shi ne babu wanda ya tsiro daga ƙasa a cikin gari. Duk wanda yake ciki yau, akwai ranar da wani ya matsa ya ba kakansa wuri, kuma haka garin namu ya rayu tun zamanin dawaki har zuwa zamanin babura. Na gina gidaje da yawa a rayuwata, wasu ma masu bene, amma in aka tambaye ni abin da nake alfahari da shi, ba na ambaton ko ɗaya. Ina alfahari ne da cewa ni ɗan garin nan ne, garin da ya saurari shawarata daga farko har ƙarshe, sannan ya ƙi bin ta.