Ƙoƙon Zorka da Ɓarawon Tarko

A Komiža, wani garin masunta a bakin teku, babu wanda bai san Zorka Vitaljić ba, don duk amaryar da aka yi a garin sai da kanta ya bi ta ƙarƙashin almakashinta. Shagonta na gyaran gashi yana bayan kasuwar kifi. Gajeruwa ce kakkaura, idan ta yi dariya har a bakin gaɓa ana jiyo ta. Ruwa kuwa tun tana yarinya ta saba da shi. Ita mahaifinsu ke turawa ta nutsa idan taru ya maƙale a dutse, don yayanta Tonči da ya yi ƙasa kaɗan sai kunne ya dame shi.

Da kafaɗa ta matsa mata da ciwo, sai ta rufe shago. 'Yarta da ke Zagreb ta aiko mata da tsohuwar kyamara da akwatinta na shiga ruwa, wai kada zaman gida ya tsufar da ita. Zorka ta kama abin da gaske, amma duk hoton da ta ɗauko a matse yake, kifi ya fito da kai babu wutsiya. Masu koyar da nutso suka ce laifin shafaffen gilashin gaban akwatin ne, sai ta sa ƙoƙo, wato gilashin nan mai tudu kamar rabin ƙwallo, shi ke buɗe wa kyamara ido a cikin ruwa.

Ta shiga jirgi ta tafi Split. Mai shagon kayan nutso ya jera mata ƙoƙuna a kan tebur, yana kiranta Teta, wato inna.

"Teta, wannan ƙaramin ba ya da nauyi, kuma yana shiga lungu. Wannan babban gilashin gaske ne, da wuya ya ƙarje."

Ta ɗaga babban, kafaɗa ta amsa. "Ɗana, wannan ai sai an yi masa goyo. Wancan na gefe fa?"

"Babba ne shi ma, amma na roba ne mai gani-garau. Yana saurin ƙarjewa, sai dai ana goge masa ya koma."

"Irina ke nan," in ji Zorka. "Naɗe min shi."

Ya nuna mata yadda ake zaunar da shi a bakin akwati, a murɗa har ɗan makullinsa ya yi ƙas, da yadda ake shafa wa zoben roban da ke tare ruwa mai kaɗan. Ya ce silin gashi ɗaya idan ya kwanta a kan zoben nan, ruwa ya sami hanya. Zorka ta tuntsire da dariya. Gashi ya ciyar da ita duk rayuwarta, yau kuma an ce shi ne abokin gabarta.

Ta dawo da ƙoƙon a cinya, naɗe da rigar sanyi. Tonči na bakin gaɓa yana gyaran taru.

"Ke Zorka, har Split kika je sayen kwanon salak?"

"Kwanon da zan kifa maka ne a ka, sanƙon nan ya huta da rana."

Ba ta sa kyamara a gwajin farko ba. Ta cusa takarda mai laushi a cikin akwatin, ta rufe, ta danna shi cikin bahon wanki, Tonči na tsaye a kanta yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Da ta buɗe, takarda ta jiƙe sharkaf. Ta zaro zoben ta ɗaga shi a haske, sai ga wani gajeren gashi fari mai kauri.

"Tonči, wannan na gashin bakinka ne. Ni na san shi, ni ke rage shi."

Daga ranar duk sanda za ta ɗaura ƙoƙo sai ta kore shi tsakar gida, ta kori kyanwa, ita ma ta ɗaure kanta da ɗankwali.

A lokacin Tonči ya daɗe ba ya gaisawa da maƙwabcinsa Šime Borčić. Akwai wani kwandon tarko da yake jefawa a gindin wani dutse, kullum ya jawo shi sai ya tarar an cinye abin ciki, sai ɓawon ƙaguwa. Ya rantse Šime ne ke riga shi zuwa. Šime ya ce shi ko kyauta aka ba shi kifin Tonči ba ya so. Har a coci kowa ya canza benci.

Wata safiya teku ta kwanta lumui, Zorka ta ce wa yayanta ya kai ta wurin dutsen nan.

"Ki ɗauko min hoton sawun Šime," ya ce.

"A cikin ruwa? Ja kwale-kwale, tsoho."

Ta tofa wa ƙoƙon yawu ta murje shi da yatsa, ta nutsa. Ba ta yi nisa ba ta hango kwandon, ta kuma hango ɓarawo. Wata ƙatuwar mai-ƙafa-takwas ce, dabbar tekun nan mai laushin jiki, ta zura ƙafa biyu ta bakin tarko tana zaro ƙaguwa, hankalinta kwance. Zorka ta matsa ta ɗauki hoto. Dabbar ta juyo, ta ga kamanninta a jikin ƙoƙon, ta canza launi, ta yo tsalle ta rungume shi gaba ɗaya. Nan aka shiga ja-in-ja. Tana ja, Zorka na ja. Sai dabbar ta fara murɗa shi kamar mai buɗe murfin kwalba. Zorka ta ƙara ƙanƙame akwatin, don in ƙoƙon ya juya, ruwa ya gama da kyamarar 'yarta. Amma makullin ya riƙe, ko gezau. Da dabbar ta gaji, ta feso mata baƙin ruwa a fuska ta shige raminta.

Zorka ta fito tana tari tana dariya. Tonči ya daɗe yana kallon hoton.

"Šime ne ya koya mata," ya ce a ƙarshe.

"Kai dai ka ji kunya. Yau za ka je gidansa, ko in manna hoton nan a ƙofar kasuwar kifi."

Da la'asar ta gasa burodi da kifi mai gishiri da albasa a ciki, ta danƙa masa kwalbar giya, ta tasa shi gaba. Šime ya buɗe ƙofa ya tsaya yana kallonsu.

"Barba Šime, ga yayana ya zo da magana," in ji Zorka, ta kira shi yadda ake kiran dattawan garin.

Tonči ya yi ta kallon takalminsa, sannan ya miƙa hoton. Šime ya sa tabarau ya duba.

"Ashe kama muke yi da ita?"

"Ta ido," in ji Tonči.

Šime ya yi dariya har ya riƙe ƙofa, ya ce su shigo kafin burodin ya huce.

Tun daga nan tsofaffin biyu suka haɗa kai kan kama dabbar. Duk bazarar nan tare suke fita, kowace yamma su dawo hannu wofi suna musu, wannan ya ce gasa ta za a yi, wancan ya ce dafa ta da dankali. Sun yi ta roƙon Zorka ta nuna musu bakin ramin, ta ce ta manta. Ita kuwa takan je can ita kaɗai da safe, da ƙaguwa ɗaya a aljihun rigar nutso.