Huhun sanmu da tambarin likita

Shekarun baya, ina ɗan makarantar koyon aikin malanta, na zo hutu gida Ƙanƙara na tarar mahaifina ransa a ɓace. Mahauci ne, ƙaramin teburi gare shi a kasuwa. Hukuma ta sa doka: ba yanka a gida ko a ƙauye, sai a kwata, kuma sai likitan dabbobi ya duba ya buga tambari.

Ni kuwa da ɗan bokona na gyara zama na ce, "Baba, ai don lafiyar jama'a aka yi."

Ya dube ni ya ce, "Lafiyar wa? Manyan mahauta ne suka kai kuka. Masu kawo nama daga Pauwa da Mabai sun fi su araha, shi ne suka nemi hanyar tare su."

Kawuna, da ke gefe yana alwala, ya ce duk mun ɓata bakinmu, haraji kawai ake nema.

Na dage a kan tawa, har da yarfa Turanci.

Ranar kasuwa na raka Baba kwata da wani sa da ya sayo daga Faskari. Rabin jarinsa ke nan. Aka yanka, aka feɗe. Likitan ya tsaga huhun, sannan ya kira Baba gefe.

"Baba, dubi nan. Tarin fuka ne, kuma ya bazu. Wannan nama ba zai shiga kasuwa ba."

Baba ya daɗe yana kallon ƙurajen da ke jikin huhun. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce a kawo masa shebur, da hannunsa ya haƙa ramin da za a binne naman. Tausayinsa ya kama ni, amma can cikin raina ina cewa, to, ga maganata ta fito.

Ba a rufe ramin ba sai ga yaran wani babban Alhajin mahauta sun jawo wata saniya da ko tsayuwa ba ta iyawa. Aka yanka ta, likitanmu kuwa ya tafi salla. Wani ma'aikaci ya zo, ko wuƙa bai ɗauka ba, ya buga tambari ya wuce. Turancina ya ƙafe.

A hanyar gida na ce, "Baba, to wa ya yi gaskiya tsakaninmu?"

Ya ce, "Huhun da na gani ba ƙarya ba ne. Tambarin da ka gani ma ba ƙarya ba ne."

Har ya bar sana'a bai ƙara yanka ba tare da likita ba, kuma bai daina zagin dokar ba.

Yau idan aka fito da sabuwar doka a kan 'yan kasuwa, ba na saurin tafi, ba na saurin tsaki. Nakan tambayi wa take karewa, sannan in tambayi wa ke zaune a ɗakin ranar da aka rubuta ta.